Ranar da Na Rine Jinin Malama

Shekarun baya na tafka wata wauta, kuma gara in faɗa da bakina tun 'yan gidanmu ba su riga ni ba, don su in suka tashi ba da labarin har da abin da ban yi ba suke haɗawa. Wawan labarin nan dai ni ne. Ba kuma ƙuruciya ba ce, lokacin gemuna ya riga ya yi fari fat. Hannuwana ne kawai suka ƙi fari, domin ni marini ne, ɗan marini, jikan marini. A masallacin unguwarmu a Bakura, in aka ɗaga hannu za a yi kabbara, daga sahun baya ma ana gane inda nake.

Boko na yi aji uku aka cire ni aka kai marina. Allo kuwa na kai inda na kai, ba sai na faɗa ba, akwai yara masu karanta wannan. Ilimin nawa dai ya isa in tsoma baki cikin kowace magana, bai isa ya fito da ni lafiya ba.

Mai ɗakina 'yar gidan malamai ce daga Maradun. Kowa Malama yake ce mata, har ni. Ita ke karantar da matan unguwa a tsakar gidanmu bayan la'asar. Yadda aka yi aka ba ni ita, har yau 'yan'uwanta suna kan bincike. Abu guda ya kamata ku sani game da ita: ba ta wasa da rantsuwa. Mu a kasuwa wallahi ce ke buɗe ciniki, ita ce ke rufe shi. Malama kuwa sai ta shekara ba ta furta ta ba, in ta furta kuma, magana ta ƙare. Tsawon zamanmu ban taɓa ganin ta warware rantsuwa ba.

Ɗiyarmu ta fari ta yi karatun gwajin jini, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Talata Mafara. Ni Likita nake ce mata. Kullum sai ta ce ita ba likita ba ce, ni kuma in ce duk wanda ya sa farar riga ya hana mutane magana, likita ne.

To, wata damina, shinkafa ta yi kore shar a fadama, sauro ya yi rundunar da ya saba, zazzaɓi ya kama Malama. Ni a matsayina na masanin gida na dube ta na yanke hukunci: ciwon shawara ne. Na samo saiwoyi da ganyaye aka dafa, ta sha don kada a ce ta raina maigida. Kwana biyu babu sauƙi, na sake zama na canza hukunci, na ce sanyin damina ne, aka sake dafa wasu. Rana ta biyar ta kasa tashi ta yi wa mata karatu. Ko ruwa ta sha sai ya dawo. Washegari da na ga sallar asuba ma sai a zaune ta iya yi, a nan masanin gida ya yi murabus. Allah ya sa ranar Talata ce, motocin kasuwa na ta wucewa, muka samu guda muka nufi Mafara.

Jami'in da ke duba marasa lafiya ya taɓa goshinta, ya buɗe idonta ya duba, ya tambayi me da me ta sha. Na lissafa masa dalla-dalla, ina jiran yabo. Ya ce shi ba zai ba da magani ba sai an duba jini. Mai yiwuwa zazzaɓin cizon sauro ne, mai yiwuwa wani abu ne daban, kuma baiwar Allah nan ta sha maganin tsammani ya ishe ta. Da ya zo kan “tsammani” ni ya kalla. A lokacin ba a cika samun ɗan abin gwajin nan na yanzu mai fitar da layi ba, sai dai a shafa jini a gilashi a duba a madubin likita.

Nan aka samu cikas. Malama ba ta son ɗibar jini. An taɓa soke mata yatsa har sau uku a wani wuri saboda an rikita gilasai, tun daga ranar ta ƙulla gaba da abin. Ɗiyata ta durƙusa gaban gadon tana lallashi, Inna kaza, Inna kaza, ɗigo guda ne. Can Malama ta buɗe ido ta ce:

“To na ji. Amma wallahi yatsa guda, sau guda. Ba ni miƙa hannuna sau biyu yau.”

Ni da ɗiyata muka dubi juna, don mun san abin da muka ji. Ta ce, “Sau guda ya isa, Inna.” Ta goge yatsan, ta soka, ta ɗauki ɗigon a kan wani ɗan gilashi mai tsawon yatsa, ta ja shi da gefen wani gilashin ya shimfiɗu siriri. Ta nufi ɗakin gwaji, na bi ta a baya. Ba wanda ya gayyace ni, ba kuma wanda ya iya korar uban Likita.

Ina shiga na ji kamar na zo gida. A kan tebur ga wasu ƙananan kwalabe masu faɗin baki, ɗaya da ruwa ja, ɗaya da ruwa shuɗi, ga kofunan ruwan ɗauraya a tsakani. Na ce, “Ashe duk karatun nan da aka yi, marina aka komo!” Ta yi murmushi ta ce in zauna a benci.

Jinin ya bushe. Ta ɗiga masa wani ruwa mai warin sifirit, ya sake bushewa. Sai ta kama gilashin ta tsoma cikin ja, tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta cire ta ɗauraye. Ta tsoma cikin shuɗi, ɗaya, biyu, uku, ta cire ta ɗauraye. Ta jingine shi a wani ɗan katako ya tsane. Ta wanke hannu.

Na jira in ga an ci gaba. Shiru.

Ku da ba marina ba ba za ku gane abin da ya soki zuciyata ba. A wurinmu tsomi guda ba rini ba ne, gaisuwa ce. Zane sai ka tsoma, ka ɗaga ya sha iska, ka mayar, ka ɗaga, ka mayar, har sai ya ƙoshi ya yi duhun da ido zai huta a kansa. Mai yi wa mutane tsomi guda ya miƙa musu kaya, sunansa maha'inci, kuma mahaifina ba ya barin irinsa ya zauna kusa da raminsa. Na dubi gilashin nan, ya yi wani fari-fari, ja bai kai ja ba, shuɗi bai kai shuɗi ba, kamar zanen da ya shekara goma ana shanya shi a rana.

Na ce, “Likita, wanga shi ne rinin?”

“Shi ne, Baba.”

“Jinin uwarki guda, tsomi guda?”

“Haka ake yi.”

“Rowa anka koya muku a makarantar, ko ruwan ne ke da tsada?”

Ta yi dariya ta ce za ta yi mini bayani in ta gama. Hankalinta na kan taga. Babu wuta a ranar, madubin nata da hasken rana yake aiki, akwai wani ɗan madubi a ƙasansa da ke tattaro haske ya tura sama. Gabas kuwa hadari ya fara haɗuwa. Ta ce da ya bushe za ta duba, kafin rana ta ɓuya. Tana rufe baki wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce Inna na amai, tana kiranta. Ta fita da sauri, ta dawo da kanta kawai ta bakin ƙofa ta ce:

“Baba, don girman Allah kada ka taɓa komi.”

Na ce, “Ni yaro ne?”

Na zauna ni da gilashi, yana kallona ina kallonsa. Na shiga yi wa kaina fatawa. Na ce yarinyar nan shekara uku ta yi tana koyon rini, ni na haura hamsin. Jinin nan kuma sau guda za a samu, an rantse a kai. In rinin bai kama ba, ta duba ba ta ga komai ba, a ce matata lafiyarta lau a sallame mu, wa ya yi asara? Ashe in na zauna na zuba ido, ni ne na ci amana. Kun ga, ban taɓa yin wauta babu hujja ba.

Na naɗe hannun riga. Jan ruwan ban kula shi ba, na bar wa masu lalle. Na kama gilashin da ladabi, na yi bisimilla na tsoma a shuɗi. Na ɗaga ya sha iska. Na lura wannan shuɗin ba ya fitowa kore sannan ya juya kamar namu na ganyen baba, yadda ya shiga haka yake fitowa. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce wataƙila ba dangi ba ne. Ni cewa na yi na Turawa ne, ba shi da tarbiyya. Na mayar. Sau bakwai na tsoma, na ƙarshe na bar shi ya jiƙa sosai. Da na ciro ruwa na ɗiga, ga hadari na matsowa, sai na ce bari in taimaka ya bushe da wuri. Na sa gefen rigata na goge, na ɗan murza, don ya yi ƙyalli kamar zanen da ya sha bugu. Na ɗaga shi saitin taga. Ko ɗigon haske bai ratsa tsakiyarsa ba. Rabona da jin daɗin aiki irin na ranar, an jima.

Na mayar da shi kan katako, na koma benci na harɗe ƙafa.

Ɗiyata ta shigo, ta miƙa hannu za ta ɗauka, hannun ya tsaya a iska. Ta dubi gilashin, ta dubi yatsuna da suka ƙara sabon shuɗi a kan tsoho, ta dubi gefen rigata.

“Baba. Mi kay yi?”

“Gyara. Ba sai kin gode ba.”

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauraye gilashin a hankali, ta sake ɗaurayewa, ta bar shi ya tsane, ta ɗiga masa mai, ta sa a ƙarƙashin madubi. Ta daɗe tana murɗa wani abu a gefe. Sannan ta tashi ta ce in zo in duba da kaina. Na rufe ido guda na leƙa.

“Mi ka gani?”

Na ce, “Duhu. Mai kyau kuwa.”

Ta ce inda na murza da riga jinin ya tafi, inda ban murza ba ya daskare ya zama dunƙule guda. Sai ta yi mini karatu a tsaye. Ta ce jini ba ruwa ba ne zalla, ƙananan ƙwayoyi ne birjik, kowace da 'yar fatar da ta kewaye ta. In an shimfiɗa su siriri a ƙarƙashin madubi kusan ba su da launi, sai an shafa musu rini ake rarrabe su. Kuma kowace da irin rinin da take sha, da gwargwadon da take sha. Jajayen ƙwayoyi su ɗauki ja kaɗan, iyakarsu ta fito. Fararen, cikinsu ya ɗauki launi mai duhu. Ƙwayar cutar da sauro ke sawa kuma ta ɗauki shuɗi da ɗan ɗigon ja, sai ta fita daban. In aka bar kowa ya sha ya ƙoshi, duk sun zama abu guda.

Na ce ai rini rini ne.

Ta ce, “Baba, in anka kawo maka tsohuwar riga mai tabo, mi kake yi mata?”

“In rine ta har tabon ya ɓace. Ko mai ita ba ya gane inda yake.”

“To ni tabon nake nema.”

Sai a lokacin na gane. Na tuna matar da ke kwance a ɗaki na gaba, da wallahin da ta furta. Na ɓoye abin da ke cin ta, na kuma ɓoye shi da kyau, aikin gwani. Aka yi wata tsawa daga nesa.

Na ce, “To yanzu sai ki je ki lallashe ta.”

Ta ce, “A marina, in an ɓata zanen mutane, wa ke kai ma mai shi?”

Na ce wanda ya ɓata. Ta buɗe mini ƙofa.

Daga ɗakin gwaji zuwa gadon Malama bai fi taku ashirin ba, amma na tsara jawabi uku a hanya. Na yi sallama, na tambayi jiki, na tambayi gajiya, na sake tambayar jiki. Na fara da cewa shi ɗan Adam ajizi ne. Ta buɗe ido guda ta sauke shi kan gefen rigata.

“Mi ka rina?”

Na ce, “Jininki.”

Matar da ke gado na kusa ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na girgiza. Malama ta rufe ido. Na ce sai an sake ɗiba, kuma yanzu, kafin hadari ya rufe rana, in ba haka ba sai gobe, jami'in kuwa ya ce babu magani sai an gani. Ta ce ta rantse. Na gyara murya na shiga kawo mata abin da na tsinta a bakin malamai game da rantsuwar marar lafiya. Ban kai ko'ina ba ta ɗaga yatsa, wanda aka soka, ta ce in bar abin da ban sani ba, na yi guda yau ya isa.

Ɗiyata ce ta zo ta durƙusa. Ta ce, “Inna, ke kinka koya muna hukuncin wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri. Ni dai in kin ce in bari, na bari. Amma ban san abin da ke jikinki ba, kuma ina jin tsoro.”

Na ga hawaye ya gangaro ta gefen idon Malama ya shige cikin kallabi, kuma na san ba zafin allura take wa kuka ba. Shekarunta duka tana riƙe da abu guda ba ta taɓa saki ba, ni na zo da tsomi bakwai na ɓamɓare shi daga hannunta. Ta yi istigfari a hankali, ta miƙa ɗaya hannun.

Na yi maza na ce, “Kaffara a wuyana. Gobe-goben nan in tashi da azumi, kwana uku.”

Ta ce, ido a rufe, “Ba a yi ma mai rai azumi. Kuma azumi na wanda ya kasa ciyarwa ne ko tufatarwa. Miskinai goma. Rantsuwa tawa ce, amma na yarda ka ɗauke mini.” Ko a bakin zazzaɓi sai da ta gyara mini karatu.

Muka koma ɗakin gwaji. Wannan karon ɗiyata ta ce in zauna bisa hannuwana, kuma da gaske take, na zauna bisa su. Ɗaya, biyu, uku, ɗauraya. Ɗaya, biyu, uku, ɗauraya. Ta yi ta yi wa gilashin fifita da kwali. Ta ja teburin har jikin taga, tana juya ɗan madubin ƙasa tana farautar sauran hasken da ya rage. Iska ta fara kaɗa labule. Can ta ce, “Ga su nan.” Ta rubuta a takarda ta ba ma'aikaciya ta ruga da ita, sannan ta ce in zo, amma hannuwa a baya.

Na leƙa. Fili ne mai haske, cike da wasu 'yan da'irori ja-ja masu laushin launi, kowace da iyakarta tsaf, kamar an baje waina a faranti. A cikin wasunsu ga wani ɗan zobe shuɗi siriri, da ɗigon ja a gefe kamar dutsen zobe. Ba guda ba, ba biyu ba. Ta ce su ne. Kwana biyar ina yaƙi da shawara da sanyin damina, ashe ga masu laifin nan zaune cikin gida, kuma rinin rowa ne ya tona su. Ban ɗago kai ba ruwa ya kece.

Aka yi wa Malama ƙarin ruwa, aka ba ta maganin da ya dace. Kwana uku ta nemi fura. Bayan mako biyu na jiyo muryarta a tsakar gida tana gyara wa wata mata karatu, na ce alhamdu lillahi, an dawo mulki.

Har yau in na zauna ina tuna abin, ba wautar ce ta fi damuna ba, yadda na ji daɗinta lokacin da nake yi ne. Da ban iya rini ba da ban taɓa gilashin nan ba. Iyawar ce ta ja ni. Na ga shuɗi a kwalba na ɗauka nawa ne, ban tambayi me ake nema da shi ba. Yanzu in na shiga wurin aikin wani, ko ɗinki ne ko gyaran babur, hannuwana a baya suke, jikokina na tsammanin tsufa ne. Tabon shuɗin nan kuwa bai fita daga gefen rigar ba, na ƙi kuma in rine ta.

Saura kaffara. Da Malama ta warware na zauna na yi nazari. Ciyarwa, gobe an manta. Tufatarwa kuwa, riga goma za su yi ta yawo a gari. Na sayo farin yadi mai kauri, tela ya ɗinka riguna goma. Na ce a raina ga inda zan wanke sunana: in yi musu rinin da tun zamanin mahaifina ba a ga irinsa ba, duk wanda ya gani ya tambayi aikin wane ne. Na ɗaure su a ƙunshi na saɓa a kafaɗa. Malama na zaune kan tabarma tana jan carbi, matan karatu sun fara shigowa. Na tsaya a gabanta na gyara tsayuwa, don a ji.

Na ce, “Malama, ga kayan kaffararki zan kai marina. Tsomi nawa kike so a yi musu?”

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce:

“Kai musu hakanan farare. Miskinai ne, abin da ya same su ya ishe su.”